Kurege a Gayauna: A Ciyar da Shi ko a Kore Shi?

Ga bazara ta kankama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, manoman ƙasar Daura kowa ya fito da sungumi yana gyara ƙota. Mun san da yawanku ana yanka muku gayauna a gefen gonar gandu, ku shuka abin da zai zama kuɗin littafi ko na takalmi. Saboda haka yau za mu yi magana a kan wani maƙwabci da ke jiran ranar shuka kamar yadda kuke jiran ta, wato kurege.

Abin da ya faru bara

Bara muna gida hutu a Dutsi, Baba ya yanka wa ƙaninmu, wanda ke aji biyu na babbar sakandare, gayauna a bayan gari. Niyyarsa ya shuka gyaɗa, in kaka ta yi ya sayar, ya tara kuɗin rajistar NECO. Iri ma ba shi da shi. Inna ce ta ara masa tiya biyu daga wanda ta ajiye, bisa sharaɗin zai mayar in ya cire. Ruwa ya sauka a watan Yuni, muka taya shi shuka kunya 40, muka dawo gida yana ta lissafin buhuna tun gyaɗa ba ta tsira ba.

Kwana uku da shuka ya shigo gida da hantsi, ido jawur.

"Yaya, zo ka ga abin da aka yi mini."

Muka bi shi. A bisa kunya ga ƙananan ramuka a jere, daidai inda aka zuba iri, kamar wanda ya tone yana riƙe da taswirar gonar. A bakin kowane rami sai jar fatar gyaɗa. Muna tsaye sai ga mai aikin can kan wani tsohon suri, ya miƙe bisa ƙafafun baya yana kallon mu, da muka motsa ya kaɗa jela ya faɗa rami.

Kafin magariba abokansa sun kawo shawara uku: a jiƙa hatsi da guba a watsa, ko a cinna wuta a bakin ramin, ko a tone shi a kamo shi da hannu. Wani kuma ya miƙo waya yana dariya, ya nuna mana bidiyon wani Ba'amurke da ya kafa wa kurege ɗan teburi a bayan gidansa, har da benci, yana zuba masa gyaɗa. Kaka da ke zaune tana tsinkar zogale ta leƙa ta gani, ta dubi ƙaninmu ta ce, "Maigida, ka ji inda ɓarawo ke da gata. Kai ma yi masa ɗaki ka huta."

Wasa take yi, amma maganar ta tsaya mana a rai. Me ya sa wasu ke ciyar da abin da mu ke neman kashewa? Kuma in an ciyar da shi, zai bar gona?

Mu fara sanin sa

Tun muna yara muke jin kurege a tatsuniya yana yi wa kura wayo, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa zama suka kalle shi da idon ɗalibi. A darasin Bayoloji yana cikin rukunin dabbobi masu gwaguya, danginsu ɓera da gafiya da beguwa. Haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro har su mutu, shi ya sa dole su riƙa gwaguyar abu mai tauri don haƙoran su riƙa cinyewa. Dangin kurege kaɗai sun haura iri 250 a duniya, wasu a bisa itace suke zaune, wasu a ƙasa.

Namu na ƙasa ne. Sunansa na kimiyya Xerus erythropus, ana gane shi da farin layi da ya bi gefen jikinsa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ana samun sa tun daga Senegal da Muritaniya har Habasha da Kenya. Nauyin babba yakan kai rabin kilo zuwa kilo ɗaya, macen kuma takan haifi 'ya'ya 2 zuwa 6 a ciki guda. Da rana yake yawo, ya kwana a rami, kuma yana son tsohon suri, gindin itace da tsakanin duwatsu. Abincinsa ƙwaya ce da saiwa da 'ya'yan itace, irin su gyaɗa, rogo da dankali, yana kuma haɗawa da ƙwari.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ya kamata ku riƙe, domin ita ce bakin zaren maganarmu ta yau. Kurege ba ya tsayawa a abin da cikinsa zai ɗauka. In ya sami abinci da yawa yakan kwashe, ya bi wurare daban-daban yana binnewa don gobe. Wanda ya manta da shi yakan tsira, shi ya sa masana ke lissafa dangin kurege cikin masu yaɗa irin itatuwa a daji. Ke nan mai tone shukarmu shi ma mai shuka ne, sai dai ba ya neman izinin mai gona.

Masu yi masa teburi

A Amurka da Ingila kuregen da suka saba da shi na bisa itace ne, kuma yawancin masu ciyar da shi mazauna birni ne da ba su da gona. Gyaɗarsu daga kanti take fitowa. Da yawa ma tsuntsaye suke zuba wa hatsi a wani ɗan akwati bisa sanda, kurege ya hau ya cinye, sai su yi masa nasa wurin daban ko zai bar na tsuntsaye. Wasu kuma sukan kifa wani kwano mai siffar mazurari a tsakiyar sandar, in ya hau ya tarar da shi sai santsi ya dawo da shi ƙasa.

Kada ku zaci su ba sa kuka da shi. Yana gwaguyar wayar lantarki, yana shiga rufin gida ya yi sheƙa. A watan Disamba na 1987 kurege guda ya jawo ɗaukewar wuta da ta tsayar da kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka fiye da awa ɗaya. Ingila kuwa nata ya fi muni. A 1876 aka kai kuregen Amurka mai ruwan toka can don ya ƙawata lambunan masu hali. Ya hayayyafa, ya mamaye dazuzzuka, ya ture jan kuregen ƙasar daga mafi yawan wurarensa, domin yana ɗauke da wata cuta da ke kashe ja amma shi ba ta yi masa komai. Yau doka ta hana wanda ya kama shi a Ingila ya sake shi. Abin da aka kawo don sha'awa ya zama abin da ake kashe kuɗi a rage.

Gwajin da muka yi

Duk da haka muka ce bari mu gwada, tunda gani ya kori ji. Muka karɓo guntun katako wajen kafinta, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi, muka buga gwangwanin tumatir a tsakiya da ƙusa. Da yake namu ba mahayin itace ba ne, muka ɗora katakon bisa duwatsu biyu kusa da surin, muka barbaɗa toka kewaye don mu ga sawun duk wanda ya zo. Kullum da safe ƙaninmu ya zuba gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, mu koma gindin wata bedi mu zauna da littafi da biro.

Ranar farko bai kusanci wurin ba. Rana ta biyu ya zo yana taku yana tsayawa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ruga. Rana ta huɗu ya saki jiki. Zai ci biyu ko uku, sauran ya yi ta jigila yana binnewa, in gwangwani ya ƙare kuma ya miƙe sai cikin kunya. Kafin mako ya cika masu zuwa sun zama uku. Wata safiya kuma muka tarar da sawun ɓera birjik a cikin tokar, saboda mun manta da ragowar abinci ya kwana.

Ga abin da littafinmu ya nuna. Teburi bai hana tono ba, domin mai tara abin gobe ba ya ƙoshi. Abinci na banza kuma kiran baƙi yake yi. Amma zaman da muka yi muna kallo ya ba mu abin da guba ba za ta ba mu ba. Mun gane lokacin fitarsa: daga hantsi kafin rana ta take, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana yana rami. Da muka ƙirga ramukan shuka kuma, kunya uku na kusa da surin an tone fiye da rabi, na tsakiyar gona kuwa da ƙyar a sami ɗaya cikin goma. Kurege ba ya son yin nisa da mafakarsa, saboda shaho da shirwa na sama suna jiran sa a fili.

Abubuwa uku da muka ƙi

Guba ita ce ta farko. Hatsin da aka jiƙa da maganin ƙwari ba ya tambayar sunan mai ci. Shekarar da ta wuce waccan wani manomi a yankinmu ya watsa irin wannan, washegari aka tsinci zabin maƙwabcinsa a mace, maganar sai da ta kai gaban mai unguwa, har yau gaisuwarsu sama-sama ce. Kaji na ci, akuya na ci, shahon da ya ɗauki mushen shi ma ya tafi, alhali shi ne ke rage mana kurege da ɓera kyauta. Mafi hatsari, yaro ƙarami na iya tsintar gyaɗar ya jefa a baki, ko wani ya tsinci kuregen ya gasa. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ta biyu wuta ce. Kowace shekara da kaka ana asarar harawa, kara da amfanin da ba a kwashe ba saboda wutar farautar kurege da gafiya. Naman da bai cika kwano ba ya jawo asarar abincin dabbobi na rani guda, kuma wutar na ƙone ciyawar da za ta ruɓe ta zama taki.

Ta uku ita ce zura hannu a rami. Ramin da kurege ya bari, maciji kan gaje shi. Kububuwa, kasa da gamsheƙa duk suna ƙasarmu, kuma saran kububuwa na hana jini daskarewa. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti sukutum da aka ware don masu saran maciji, mafi yawansu manoma da makiyaya. In tsautsayi ya faɗa, asibiti za a nufa nan take, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa.

A ƙara da maganar cuta. Dabbobi masu gwaguya na ɗauke da cututtukan da ke kama mutum. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, daga fitsari da kashin wani irin ɓera ake ɗaukar sa. Ƙwayar cutar ƙyandar biri kuma an same ta a jikin wani kuregen kurmi a Kongo, a 2003 ma ta ɓulla a Amurka ta hanyar irin waɗannan dabbobi da aka kai daga Ghana. Don haka kada ku ɗauki mushen kurege ko na ɓera da hannu, kada ku ba shi abinci a tafin hannu. In ya cije ku, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Abin da ya yi aiki

Gyaɗa na da lokaci biyu da take hannun kurege: daga ranar shuka zuwa tsirowa, wanda kan ɗauki kwana 5 zuwa 10, sai kuma in 'ya'ya sun ƙosa a ƙasa gab da cira. Tsakanin nan ɓarnarsa kaɗan ce. Da muka gane haka sai aikin ya zo da sauƙi.

Na ɗaya, gadi. Muka sake shuka inda aka tone, muka raba aiki na kwana goma. Mu da ke hutu muka ɗauki safiya, ƙaninmu in ya taso daga makaranta ya ɗauki yamma, ya tafi da littafinsa na Kimistiri yana bita a gindin bedi. Mutum-mutumi da gwangwanaye a igiya sun taimaka kwana biyu, daga nan ya gane ba sa motsi sai da iska. In za ku kafa, ku riƙa sauya musu wuri.

Na biyu, shara. Muka sare sabara da ciyawar da ta yi duhu a gefen gona, muka kwashe tarin kara, ya zama sai ya ratsa fili kafin ya kai kunya.

Na uku, shuka tare da jama'a. Wanda ya riga kowa, musamman mai yin binne kafin ruwa, shi kaɗai kuregen unguwa za su taru a kansa. In kowa ya shuka a mako guda, ɓarnar ta rarrabu.

Na huɗu, danne ramin shuka da diddige sosai, kada a bar ƙwaya ko ɗaya a sama tana yi masa talla.

Mun gwada garin barkono a kan kunya. Akwai ilimi a ciki: sinadarin da ke sa yaji yana ƙona bakin dabbobi masu shayarwa, tsuntsaye kuwa ba sa jin sa, shi ya sa a Amurka ake sayar da abincin tsuntsaye mai yaji don korar kurege. A gona dai ruwan farko ya wanke shi, mu kuma muka sha atishawa. Ga mai ɗan lambu ko wurin renon dashe a makaranta, ragar waya irin ta kejin kaji ta fi, a binne gindinta kamar kamu ɗaya da rabi a ƙasa don kada ya bi ta ƙarƙashi, a rufe sama.

Da kaka kuma kada a yi jinkirin cira. Ku tambayi malamin gona na hukumar KTARDA game da iri mai saurin nuna, irin su SAMNUT 24 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, wanda ke nuna cikin kimanin wata uku. In an shanya kada a bar ta ba mai tsaro, in ta bushe a adana a durom mai murfi ko a ɗora buhu bisa katako nesa da bango.

Wanda ya kafa tarko ya kama, kada ya ɗaure shi da igiya yara su yi ta ja a unguwa har ya mutu, wannan zalunci ne. Kada kuma ya kai shi gefen gonar wani ya saki, ya sauke kayansa a kan maƙwabci.

To, teburin fa?

Ba mu ce a jefar da shi ba. Wurinsa ne da lokacinsa ba mu daidaita ba. In ƙungiyar matasa manoma ta makarantarku na son aikin gwaji, ku nemi izinin malamin Bayoloji ko na Aikin Gona, ku kafa shi da rani lokacin da babu shuka, nesa da gona, nesa da ɗakin ajiya da ɗakin kwana. Tafin hannu ɗaya ya isa, da safe kawai, a kwashe ragowa kafin magariba, a tsaya bayan mako biyu. Kada a zuba gyaɗar da ta yi fumfuna, gubar da ke cikinta na cutar da dabba kamar yadda take cutar da hantar mutum. Ku rubuta lokacin zuwansa, guda nawa suka zo, me ya fara ɗauka tsakanin gyaɗa, masara da wake, nawa ya ci nawa ya binne. Ku zana sawun da kuka gani a toka. Wannan shi ne kimiyya, ba sai da farar riga da ɗakin gwaji ba.

Ƙarshen labarin ƙaninmu: ya cire buhu biyu na gyaɗa mai ɓawo, ya sayar da harawa ga wani mai kiwo, ya mayar wa Inna tiya biyunta. Abin da ya rage bai kai kuɗin rajista ba, amma ya haura rabi, Baba ya cika. Kunya ukun nan na bakin suri kuwa ba su ba da abin kirki ba har ƙarshe. Da yake ƙorafi, Kaka ta tuna masa abin da malamai ke faɗa, cewa abin da tsuntsu ko dabba ta ci a shukar mutum sadaka ne gare shi. Ya ce ya yarda, amma bana zai bar taku goma tsakanin surin da kunyar farko, sadakar ta ragu.

Aikin wannan mako: wanda duk ke da gayauna ya zagaya ta kafin ruwa ya sauka, ya ƙirga ramukan kurege da ke gefenta daga nesa, ba tare da ya taɓa ba, ya rubuto mana abin da ya gani da dabarar da ake yi a garinsu. Ɗaliban Shargalle, Mashi, Mani, Sandamu da cikin garin Daura, muna sauraron ku. Za mu buga wasiƙun da suka fi bayani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba masu jarrabawa sa'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.